Ɗakin Baturan da Na Gina Babu Taga

Daga gida, yankin Ƙofa,
Ƙaramar Hukumar Bebeji,
Jihar Kano.
19 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Yayata Tasalla,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙani ke yi wa yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku a can Kalaba. Allah ya ƙara masa lafiya da buɗi, ya raba ku da sharrin baƙunta. Mu a nan sai godiya. Damina ta yi kyau, mun karye masara, dawa kuma ta sunkuyar da kai, sai dai tsuntsaye da suka matsa wa gonar fadama. Uwargida Halima gwiwarta ta yi sauƙi tun da ta rage zuwa rijiya. Ja'afar ya gama kwashe gyaɗarsa, ya ce in ya samu mota zai aiko miki da buhun da kike so.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, tunda ga waya. Sau uku ina kiran ki da niyyar ba ki wannan labari, sai mu ɓuge da hirar 'yan uwa, in kasa farawa. Akwai maganar da sai mutum ya zauna shi kaɗai yake iya fito da ita daidai. Don haka na ce bari in rubuta, in ba Mudassir direba tunda ranar Talata zai yi lodin albasa zuwa wajenku. Maganar 'yata kuma 'yarki Rufaida ce. Kada gabanki ya faɗi, alheri ne, kuma ke ya fi cancanta ki fara ji, domin a hannunki ta tashi, ke ce kuma kika tsaya kai da fata a kan sai ta karanta aikin wutar lantarki a lokacin da ni nake ganin wannan ba sana'ar mace ba ce.

Kin san halin da ƙaramin asibitin garinmu yake ciki. Wuta sai a yi mako biyu ba a gan ta ba. Allurar rigakafi sai an ɗauko ta a cikin kula mai ƙanƙara daga nesa ranar da za a yi, wadda ta yi saura a mayar ko ta lalace. To, a farkon damina wata ƙungiya ta ce za ta sa mana sola, da firji, da fitilu, da famfon ruwa, amma da sharaɗin gari ya gina ɗakin da za a ajiye batura. Kwamitin asibiti, wanda Baba Audu ke shugabanta, suka ce ai ba sai an je nesa ba, ga Sale magini. Na karɓi aikin da hannu biyu. Na ce a raina shekara talatin da ɗaya ina gini, wannan shi ne wanda za a riƙa tunawa da ni a kansa. Abin da ya fi damuna ɓarayi ne, don na ji yadda ake sace batura a wasu garuruwa. Sai na sa bulo mai kauri, na cika cikinsa da siminti, na zuba dakin, wato rufin kankare, a sama maimakon kwano, na sa ƙofar ƙarfe mai kwaɗo biyu. Ban bar taga ko guda ba, ko hujin da ƙadangare zai shiga babu. Don a rage bulo kuma, sai na jingina ɗakin da bangon ɗakin haihuwa. Duk wanda ya zo ya gani sai ya buga bango da tafin hannu ya ce ai wannan ko banki sai haka. Ni kuwa, Yaya, ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura.

Kamfanin da aka ba aikin haɗa kaya suka turo wani ma'aikacinsu mai suna Jibrin. Ya kafa farantan sola a kan rufi, ya jera manyan batura ashirin da huɗu irin waɗanda ake zuba wa ruwa a ƙasan ɗakin, ya kafa inbata a bango, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ya sa ƙwan fitila a sama da makunninsa a ciki. Aka sa ranar buɗewa, aka kai takardun gayyata. Abu ɗaya ya rage, wato ƙungiyar ta turo injiniyanta ya duba ya sa hannu kafin a fara amfani da kayan. Kin san a wannan ƙungiya Rufaida take aiki, amma tun watan azumi tana wajen Doguwa da Tudun Wada, ban taɓa kawowa ita za a turo ba. Saura kwana shida sai ga ta a bayan mota, da hular kwano a kan hijabinta da jakar kayan aiki. Mata har leƙe suke ta katanga. Ni na karɓi makulli da kaina na buɗe mata ƙofa, na ja gefe ina jiran yabo. Ta shiga, ta daɗe tana kallon sama, ta shafa bango, ta auna tsawo da faɗi, ta rubuta a littafinta. Da ta fito Baba Audu ya tambaye ta yaya ta gani, sai ta ce gini ya yi ƙarfi, sauran bayani sai gobe. A nan na ji wani abu a muryarta, amma na share.

Bayan la'asar ina zaune a zaure ta zo ta durƙusa kamar yadda kika koya mata, ta ce tana neman izinin yin magana. Ta fara da cewa ba ta taɓa ganin ɗakin batura mai ƙarfin wannan ba, sannan ta ce amma ba za ta iya sa hannu a kansa ba yadda yake. Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce irin waɗannan batura idan suna shan caji, musamman in sun kusa cika, ruwan cikinsu yana fitar da wata iska da ake kira haidirojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, don haka sama take tashi ta taru a ƙarƙashin rufi. In babu hanyar fita sai ta yi ta taruwa, in ta kai wani mizani kuwa, ɗan tartsatsin da makunnin fitila ke yi ya isa ya tayar da ita. Ta ce ɗakin da ya fi ƙarfi ma shi ya fi haɗari, domin in abin ya tashi ba shi da inda zai huce sai ya nemi bangon da ya fi rauni, a nan kuwa bangon ɗakin haihuwa ne. Ta ƙara da cewa ko ba a yi gobara ba, zafin da zai taru a ciki zai kashe baturan kafin su yi rabin shekarunsu. Maganinsa, in ji ta, sai an fasa bango.

Yaya, kin san zuciyata. Da na ji kalmar fasawa sai na daina jin sauran. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake gini, babu bangon da na ɗora ya faɗi, yanzu ita ce za ta zo da littafi ta koya mini inda ake sa taga? Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi ta fita. Kwana biyu ina amsa gaisuwarta da ka kawai. Halima ta yi ta kai da kawo a tsakaninmu, ta ce mini yarinyar nan ko tuwo ba ta iya ci, na ce wannan ya rage nata. Ina rubuta miki wannan ne ina jin kunya, amma na yi alkawarin ba zan rage komai ba.

Da maganar ta kai kunnen kwamiti aka kira taro a harabar asibiti. Jibrin ya ce shi ya sa batura a ɗakuna irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, bai taɓa ganin abin da ya faru ba, in ma ana tsoro a riƙa barin ƙofa a buɗe da rana. Rufaida ta ce ƙofar ba ta kai rufi ba, iskar kuwa a can sama take zama, kuma wa zai tsaya gadin buɗaɗɗiyar ƙofa kullum har shekara biyar? Baba Audu ya ce an riga an gayyaci manya, ɗage rana abin kunya ne ga gari, ta sa hannu yanzu, in ya so bayan buki a yi gyaran. Da ta ƙi, sai duk suka juyo suna kallona. Wani ya ce ai ga mahaifinta, kalma ɗaya zai yi magana ta ƙare. Ni kuma na yi kalmar, Yaya. A gaban mutane na ce mata na umarce ta ta sa hannu. Ta sunkuyar da kai, na ga hawaye yana ɗiga a kan littafinta. Ta ce duk abin da na sa ta a duniya za ta yi, amma wannan sa hannu shaida ce cewa matan da ke kwance a bayan bangon can ba su cikin haɗari, ita kuwa ba za ta iya ba da shaidar abin da ta san ba haka yake ba. In an matsa, za ta mayar da takardar ofis a turo wani, ko da hakan zai sa a ce ta kasa aiki. Sannan ta roƙi alfarmar wuni ɗaya, a bar ta ta gwada ɗakin a gaban kowa. Malam Mu'azu, wanda ke kula da asibitin, shi ya ce a ba ta, domin shi ne zai riƙa shiga ɗakin kowace safiya, yana kuma da 'ya'ya shida.

Washegari da hantsi ta sa aka mayar da masu jego biyu da ke ɗakin haihuwa zuwa ɗakin da ke can gaba. Ɗayarsu matar wani makiyayi ce daga rugar da ke bayan fadama, jaririnta kwanansa biyu a duniya. Ta cire wayar fitila gaba ɗaya, ta maƙala wata 'yar na'ura a ƙarƙashin rufi wadda ke gane wannan iska, ta jawo wayarta waje ta saman ƙofa, ta rufe ɗakin. Ta sa baturan a kan caji mai ƙarfi irin wanda ake yi musu lokaci-lokaci, ita kuma ta tsaya a waje hannunta a kan abin yanke wutar da ke zuwa daga faranti. Ta ce kowa ya koma gindin darbejiya, mai taba ya tafi da tabarsa nesa. Muka zauna, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Ni na harɗe hannu ina addu'ar kada abin ya yi ƙara, ki ji irin wautar da girman kai ke sa mutum. Ba a kira azahar ba na'urar ta fara kuka. Nan take ta yanke wuta, ta buɗe ƙofa a hankali, ta hana kowa matsowa. Ta ce na'urar tana kuka ne tun da sauran tazara kafin a kai ga haɗari, amma mu duba, wannan rabin wuni ne kawai.

Bayan kamar awa biyu ta ce ana iya shiga. Ni na fara shiga. Zafin da ya tarbe ni kamar na bakin gidan burodi, ga wani wari mai yaji yana kama maƙogwaro, ta ce wannan na ruwan batir ne, ita iskar da muke tsoro ba a jin ta. Na ɗaga kai na ga mazaunin ƙwan fitila a tsakiyar rufi, daidai inda ta ce iskar ke taruwa. Na dubi makunnin da Malam Mu'azu zai riƙa dannawa kullum da safe bayan ɗaki ya kwana a rufe. Ina tsaye a wurin sai na jiyo kukan jaririn nan ana dawo da su ɗakinsu, na ji shi sarai ta cikin bango kamar a gefena yake. Ni na ɗora bangon, na san kaurinsa.  Na fito na wuce gida.

Da gari ya waye, bayan na dawo daga masallaci, na ɗauki babbar guduma na tsaya a ƙofar ɗakinta, na ce ta ɗauko alli ta zo ta nuna mini inda zan fasa. Ta dube ni, ta dubi gudumar, ta shiga ta sako hijabi. Ta zana mini faffaɗar kafa a ƙasan bangon arewa inda iska mai sanyi za ta shigo, da wata a can ƙolin bangon da ke kallonsa, manne da rufi, ta ce ko tafin hannu kada in bari tsakaninta da rufin, don kada iskar ta samu lungun maƙalewa. Dukan farko ya yi mini ciwo kamar a jikina, na biyu kuwa da sauƙi. Sai ga shi ashe ba a rasa inda ilimina zai yi amfani ba. Ita ta ce a sa raga, ni na ce raga kaɗai ba ta hana ɓarawo, na dasa rodi mai kauri a cikin siminti sannan na bi da raga saboda ɓera da maciji, na kuma yi wa kowace kafa 'yar rumfa mai gangare don kada ruwan sama ya feso. Ta tsaya tana kallo, ta ce wannan rumfa ba a koya musu ita a makaranta ba, ta ɗauki hotonta ta ce za ta nuna a ofis.

Aikin bai tsaya a nan ba. Na ɗora wani sabon bango mai kauri a ciki, tsakanin baturan da ɗakin haihuwa. Muka juya ƙofa ta koma buɗewa waje, don in wani abu ya faru mutum ya tura kawai ya fita. Aka fitar da makunni waje, aka sa fitila mai rufaffen gilashi, na gina wa inbata nata ɗan ɗaki a gefe. Maƙeri ya ƙera teburan ƙarfe aka ɗora baturan da tazara a tsakaninsu. Ta sa 'yar fanka a kafar ƙasa tana turo iska ciki duk lokacin da ake caji, ta bar na'urar nan mai kuka a maƙale. A bakin ƙofa akwai tukunyar kashe gobara da bokitin yashi da jarkar ruwa mai tsabta don wanke ido in ruwan batir ya fantsama, ga tabarau da safar hannu a rataye. Ta rubuta gargaɗi da boko da ajami, cewa ba a shiga da wuta ko taba, ba a kuma mayar da ɗakin sito. Ta zaunar da Malam Mu'azu wuni guda tana koya masa yadda ake ƙara ruwa. Jibrin da farko ya yi fushi ya tafi Kano, bayan kwana uku ya dawo ya kama aiki, har yau dai bai ce ta yi gaskiya ba, amma na gan shi yana auna kafofin da tef yana rubutawa a bayan kwalin ashana.

An ɗage buki da kwana tara. An yi ta surutu a gari, wasu suka ce 'yar Sale ta kunyata ubanta, wasu suka ce boko ya ɓata ta. Ranar buɗewa shugabanta ya zo daga Kano, dattijo ne mai furfura. Ya shiga ɗakin, ya ɗaga 'yar takarda a bakin kafar sama, muka ga tana kaɗawa waje. Ya tambayi wanda ya yi ginin, aka nuna ni. Baba Audu ya miƙo mini lasifika don in yi godiya. Ban shirya magana ba, amma na ce wa jama'a ni ne na gina ɗakin nan ba daidai ba, ni ne kuma na umarci 'yata ta sa hannu a kan kuskurena, ta ƙi, kuma a duk shekarun da na yi ina haihuwa ba a taɓa yi mini biyayyar da ta kai wannan ƙin ba. Mata suka ɗauki guɗa. Ita kuwa ta rufe fuska da hijabi ta shige bayan Halima. Da yamma ta zo ta durƙusa wai in yafe mata, na ce ta tashi, ni ne mai neman gafara, na sa mata albarka.

Yau mako uku ke nan firji bai tsaya ba. Ranar Laraba an yi wa yara rigakafi har da na rugage, ba wanda aka ce ya koma ya dawo wani mako. Rufaida ta koma Doguwa, akwai asibitoci biyu da ke jiran ta. Shekaranjiya wani mai shagon cajin waya ya zo daga Ƙafin Maiyaki, yana so in gina masa ɗakin batura, ya ce a toshe ko'ina saboda ɓarayi. Na ce masa in babu kafa a ƙasa da kafa a sama ya nemi wani magini. Ya ce wa ya kafa mini wannan doka? Na ce injiniyata, kuma ni na haife ta.

Wata alfarma nake nema, Yaya. Na ji an ce Fahad ya sa muku sola a gida. Don Allah ki tashi da kanki ki duba inda ya ajiye baturan. In a ƙarƙashin bene ne ko a cikin rufaffen kabad, ko kusa da inda kuke girki, ki sa shi ya kira ƙanwarsa Rufaida ta gaya masa yadda zai yi, kada ya tsaya jin nauyi don ya girme ta.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, ki ce ina yi masa fatan alheri. Ki gaida Fahad da iyalinsa, da Nusaiba da maigidanta, da Imran in ya zo hutu. Halima tana gaishe ki, ta sa miki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikin jakar da Mudassir zai kawo. Ja'afar da Mujitaba suna miƙa gaisuwa. Allah ya saka miki da alheri a kan tarbiyyar da kika yi wa yarinyar nan, ya sa ki ci moriyarta duniya da lahira, ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Sale Magini.